An zaɓi ƙanwata a shirin YES na zuwa Amurka, Baba ya ce ba da yawunsa ba. Wa ya taɓa zuwa?

Yayan Ummi ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, kuma don Allah wanda ya je da ƙafarsa nake so ya amsa, ba wanda ya ji an ce ba.

Ƙanwata ce Ummi, uwa ɗaya uba ɗaya, shekarunta 16, tana aji 2 na babbar sakandare. Makarantarsu ce ta ba da sunanta ita da wasu, suka zana jarrabawar shirin nan na YES, wanda ake kai yara Amurka su yi shekarar karatu guda suna zaune a gidan mutanen can. Mu mun ɗauka irin jarrabawar nan ce da ake yi a watse. Sai ga shi ta haye ta rubutu, aka kira ta ganawa ta haye, yanzu an aiko da takardun da iyaye za su sa hannu.

To nan ake yin ta. Baba ya karanta ya ce ba da yawunsa ba. Hujjarsa ita ce 'ya mace ce, budurwa, ba muharrami, a kai ta gidan da ba a salla har wata 10. Ƙanensa kuma ya zo ya ƙara wa wutar fetur, wai haka ake kwashe 'ya'yan Musulmi a juya musu tunani, kuma ba Baturen da zai ciyar da ɗanka shekara guda don Allah. Mama ba ta ce uffan ba, amma na san inda zuciyarta take. Ita kuwa yarinyar tun ranar ba ta cin abincin kirki.

Ni aka jinginar wa maganar saboda ni ne babba. Ni ma zuciyata biyu. Da gaske kyauta ne, ko daga baya za a ɓullo da wani kuɗi? Yaya ake yi da salla da abinci da hijabi? In gidan da aka kai ta ba na kirki ba ne, wa za ta kai wa kuka? Sannan karatunta na nan fa, WAEC tana gabanta.

Ɗan Kantin Kwari ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Ni ban je ba, amma bari in jefa tawa kafin masu abin su zo. Abu na farko, ku tabbatar takardar nan ta gaske ce. Akwai wani maƙwabcinmu da aka zo masa da irin wannan, wai musayar matasa a Turai, sati 3, taron zaman lafiya, har da takardar gayyata mai tambari. Kuɗin fom, kuɗin inshora, kuɗin "riƙe gurbi", a hankali a hankali sai da ya sayar da babur ɗinsa. Ranar da aka ce su haɗu a Abuja lambar mutumin ta daina shiga. Har yau shiru kake ji.

In ta hannun makaranta abin ya biyo kuma ba a ce ku kawo ko sisi ba, alama ce mai kyau. Amma duk da haka ka kira ofishin jakadancin Amurka da kanka, ko ka duba shafinsu, ka ji sunan ƙungiyar da suka damƙa wa shirin a bana. Duk wanda ya ce ku tura kuɗi asusun wani mutum, ko ya ce ku aiko fasfo ta mota, ku kama gabanku.

Maman Hanif ta rubuta:

Wa alaikumus salam Yayan Ummi. Ni na je, a shirin da kake magana, daga Agustan 2012 zuwa Yunin 2013. Lokacin ina sa'ar ƙanwarka. Yanzu ina da aure da yara, ina koyarwa a Kaduna. Ka yi haƙuri zan ɗan ja zance.

Batun kuɗi dai ka kwantar da hankalinka. Jirgi, biza, inshorar lafiya, makaranta, duk ba mu biya ba. A lokacinmu ma duk wata ana ba mu dala 125 ta kashewa, ita muke sayen sabulu da man shafawa da ɗan abin da ba a rasa ba. Mutanen da ke karɓar yaro a gidansu ba a biyansu, su ke ciyar da shi daga aljihunsu.

Amma ƙanen Baba bai yi ƙarya gaba ɗaya ba, ba sadaka ba ce. Majalisar Amurka ce ta kafa shirin a 2002, bayan harin 11 ga Satumban 2001, kuma sunan sanatoci biyu yake ɗauke da shi, Ted Kennedy da Richard Lugar. Kuɗin daga ma'aikatar harkokin wajensu yake fitowa. Abin da suke so shi ne yara daga ƙasashen da Musulmi ke da yawa su zauna da su, su koma gida ba sa ƙinsu, su ma nasu su ga Musulmi ido da ido ba a talabijin ba. Ba su ɓoye wannan ba, a horon farko ma suke faɗa. Riba suke nema, kai ma sai ka auna taka ribar.

An fara sauke mu a Washington, muka yi 'yan kwanaki tare da yaran Indonesiya da Pakistan da Masar da Turkiyya da ƙasashen da ban taɓa jin sunansu ba, daga nan aka rarraba mu. Ni aka kai ni wani ɗan ƙauye a jihar Iowa. Ka cire hoton dogayen benayen nan daga ranka. Gonar masara ce iya ganinka, sai rumbunan ƙarfe, sai gidajen kiwon alade. A jihar nan aladu sun ninka mutane yawa sau da dama. Matar gidan ma'aikaciyar jinya ce, mijin yana gyaran injinan noma, 'ya'yansu sun girma sun bar gida. Kiristoci ne na gaske, ba sa fashin coci.

Ga abin da nake so ka riƙe, don shi ne ya fi komai. A goman ƙarshe na azumi na isa. Daren farko aka jira ni har rana ta faɗi, wajen ƙarfe 8 da 'yan mintoci, aka zuba min abinci ɗan kaɗan irin zubinsu. Na cinye, matar ta ce a ƙara? Ni kuwa tarbiyyar gida, na sunkuyar da kai na ce na ƙoshi. Ka san a wurinmu sai an ce maka sau uku, a na huɗu ma ba za a saurare ka ba, zubawa kawai za a yi. Ita kuwa ta ce to, ta ɗauke kwanon ta sa a injin wanke-wanke. Sahur ma ba wanda ya san da shi a gidan, ni kuma nauyin buɗe firjin mutane ya hana ni. Da ruwan famfo na ɗauki azumin washegari, azumin da ya haura awa 15. Ba mugunta ta yi min ba. Su abin da bakinka ya faɗa shi ne maganarka. Kawaicin da ake yaba wa yarinya da shi a gida, a can ba mai ganinsa balle ya saka mata.

Ƙaramar salla ta faɗo ranar Lahadi, 19 ga Agusta. Suka shirya suka tafi coci, na zauna a ɗaki da atamfata da lallen da Mama ta sa aka yi min tun a gida, ya fara dishewa, na yi kukana na more. Ban gaya musu salla ake ba. Da matar ta gane bayan kwana biyu, ranta ya ɓaci ƙwarai, ta ce me ya sa ban faɗa ba? Ta zaunar da ni a kicin da takarda da biro, ta ce in lissafa mata duk abin da addinina yake so da wanda ya hana. Ranar na fara koyon buɗe baki. Da babbar salla ta zo, Juma'a 26 ga Oktoba, hutu ta ɗauka a wurin aiki ta tuƙa ni har Cedar Rapids na yi Idi, tana zaune a bayan mata da ɗankwalin da na ɗaura mata. Bayan an sauko aka kai mu wani ɗan ƙaramin masallacin katako da Larabawan Sham suka gina a 1934, yana cikin mafiya tsufa a ƙasar. Ita kanta ba ta san da shi ba, ga shi a jiharta aka haife ta.

Salla a makaranta ma haka. Ba wanda zai zo ya ce ga wuri. Ni na je na sami malamar da ke kula da ɗakin karatu na faɗa mata, ta ba ni wani ɗan ɗaki da suke ajiye tsofaffin littattafai. Lokacin sanyi ne abin yake matsewa, don a Disamba kafin ƙarfe 5 magariba ta yi, azahar da la'asar duk a makaranta suke samunka. Alƙibla a can arewa maso gabas take, ba gabas ɗin da muka saba ba. Bayan gidansu ba buta, takarda ce kawai, saboda haka a sa mata ƙaramar buta a jaka, ta makaranta kuma gorar ruwa ta isa. Ranar farko da wata yarinya ta shigo ta ga ƙafata a cikin abin wanke hannu ina alwala, ihu ta kusa yi. Daga baya ita ce take tsare min ƙofa.

Hijabi ba wanda ya ce in cire. Kallo dai na sha shi, don ni kaɗai ce baƙar fata mai lulluɓi a makarantar. Tambayoyi kuma har da na ban dariya: da shi kike wanka? Kuna da zaki a bayan gida? Na ce musu ni zaki ɗaya na taɓa gani, a gidan zu na Kano, shi ma barci yake. A watan Nuwamba akwai mako guda da ake son kowane ɗan shirin ya zaga azuzuwa da coci-coci da gidajen tsofaffi yana bayanin ƙasarsa. Ni da ko a aji ba na ɗaga hannu, sai ga ni gaban dattawa ina nuna musu yadda ake ɗaurin kallabi, ina amsa tambaya a kan Boko Haram, don shekarar ce aka kai harin Kano na watan Janairu kuma sun gani a labarai.

Ranar da ta fi min wuya ita ce bayan harin bam ɗin da aka kai wurin tseren gudu a Boston, a Afrilun 2013. Wani yaro a motar makaranta ya gaya min maganar da ba zan maimaita ba, sauran suka yi tsit. Da a watan farko ne, haɗiyewa zan yi in je ɗaki in yi kuka. A lokacin kuwa bakina ya buɗe, da na sauka na faɗa a gida. Washegari maigidan da kansa ya je makarantar da kayan aikinsa duk baƙin mai, kuma har ƙarshen satin shi yake kai ni yana ɗauko ni.

Abinci: alade yana shiga inda ba ka zata, a man suya, a miyar gwangwani, a saman fiza, har alewa mai danƙo akwai wadda da jelatin ɗinsa ake yi. Dole ta koyi karanta bayan kwali. Ni kifi da ƙwai da kayan lambu na fi ci, in an shiga birni a sayo min naman halal a sa a firiza. Ta tafi da yaji da kuka da kuɓewa busasshiya, ta kuma bayyana su a filin jirgi in an tambaya. Kilishi da dambun nama kada ma a soma, ba a shiga da nama. Na taɓa yi musu tuwon masara da miyar kuka ana tsakiyar ƙanƙara, warin daddawa ya sa maigidan ya buɗe tagogi duk da sanyin, amma ya ci ya ƙara. Akwai kare kuma, a yawancin gidaje cikin ɗaki yake kwana. Na ce kada ya shiga ɗakina saboda wurin sallata ne, aka kiyaye.

Ba kowa ne ya yi dace irin nawa ba, kada in yi maka daɗin baki. Wata da muka tafi tare an kai ta gidan da mata da miji ba sa jituwa, kullum faɗa, aka mai da ita mai rainon yara. Kowane ɗalibi yana da jami'in da ke kula da shi a yankin, wanda dole ya tuntuɓe shi duk wata, kuma akwai lambar da ake kira ko tsakar dare ne. Amma duk sanda aka tambaye ta sai ta ce lafiya lau, wai kada a ce ta cika ƙorafi, kada a ce ba ta da godiya. Sai da ta rame ta fita hayyacinta sannan wata malama ta lura. Da maganar ta fito, ba a daɗe ba aka sauya mata gida. Watannin da ta sha wuya a banza ta sha su.

Karatu kuwa, ku sa a ranku shekara guda za ta tafi. Na dawo a Yuni, 'yan ajinmu sun gama WAEC, ni kuwa sai na koma aji 3 tare da ƙannena. Abin da na karanta a can, tarihin Amurka da tsarin mulkinsu da sauransu, bai hau kan manhajar nan ba. Turancina dai ya buɗe, kuma na koyi rubuta dogon bayani da kaina ba haddar littafi ba, wannan ya taimake ni har jami'a. Bizar da ake bayarwa, J-1, tana da sharaɗin sai ka dawo ƙasarka ka yi shekara 2 kafin ka nemi zama ko aiki a can, saboda haka masu cewa hanyar tserewa ce ba su san abin ba.

Dawowar ma da nata. "'Yar Amurka" ya zama sunana a unguwa. Gwaggona ta ce na koyo tsaurin ido, don ina kallon fuskarta in tana magana. A can in ka sunkuyar da kai ƙarya ake zaton kana yi, a nan in ka ɗaga rashin kunya ne. Na ɗauki lokaci kafin in san inda zan yi wanne.

Abu Maryam ya rubuta:

Assalamu alaikum. Maman Hanif, Allah ya saka da alheri, kin yi bayani ba ɓoye-ɓoye. Amma akwai inda kika tsallake, kuma shi ne asalin maganar mahaifinsu.

Yayan Ummi, kada ka yarda a mai da mahaifinka kamar wanda bai waye ba. Hadisin da ya hana mace tafiya ba muharrami yana cikin Bukhari da Muslim, ba al'adar ƙauye ba ce. Malamai sun yi magana a kan tafiya cikin amintacciyar tawaga, amma akasarin maganar a kan aikin Hajji na farilla take, kuma ko a nan akwai saɓani. Wannan kuma ba tafiya kaɗai ba ce, zama ne na wata 10 a gidan da akwai namiji baligi wanda ba muharraminta ba. Waccan baiwar Allah ta faɗa hannun mutanen kirki, alhamdu lillahi. Ita da bakinta ta ce wata ba ta dace ba. Uba ba ya yanke hukunci da sa'ar 'yar wani.

Shawarata, ku je wurin malamin da shi Baban ya yarda da shi, ba wanda ku kuka zaɓo don kun san abin da zai faɗa ba. A karanta masa takardun duka. In ya ce a'a kuma Baba ya tsaya a kai, ku bi, kada ku haɗa kai da Mama a yi ta matsa masa har ya sa hannu ransa ba ya so.

Kuma ƙofa ba ɗaya ba ce. Akwai shirye-shiryen manya, irin na Mandela Washington da aka fara a 2014, wanda ya riƙa kai matasan Afirka masu shekara 25 zuwa 35 Amurka su yi sati 6 kawai a jami'a. Wani abokin aikina ya je ya dawo. Lokacin da Ummi za ta kai wannan shekarun ta gama jami'a, wataƙila da aurenta, ta san ciwon kanta.

Ɗan Zangon Kumasi ya rubuta:

Salamu alaikum 'yan'uwa na Najeriya. Ni daga Gana nake, kuma nawa ba na Amurka ba ne, na Jamus ne, amma ina ga zai yi amfani.

Akwai shirin gwamnatin Jamus mai suna weltwärts. Tun 2008 suke turo matasansu aikin sa-kai ƙasashenmu, mu a Kumasi mun saba ganinsu a makarantu da gidajen marayu. A 2013 suka buɗe ɗaya ɓangaren, wato mu ma mu je can. Ni na je a 2017 na dawo a 2018, ina da shekara 24. A Hamburg aka sa ni, a wata cibiya da masu naƙasa ke aikin hannu. Aiki ne sosai, safe zuwa yamma, Litinin zuwa Juma'a: ka taya wannan cin abinci, ka tura keken wancan, ka raka wani bayan gida. Kuɗin da ake ba ka na aljihu ne, ba albashi ba. Wannan ne gida suka kasa ganewa. Wata na biyu aka fara kirana, wannan kuɗin makaranta, wancan waya yake so. In ka ce babu, a ce ka shiga Turai ka manta da mutane. Yayan Ummi, in ƙanwarka ta tafi, ka tsaya mata a kan wannan, kada kowa ya roƙe ta komai.

Ta fannin addini ni ban sha wuya ba. Hamburg cike take da Turkawa, masallatai da mahautan halal ko'ina, ga 'yan Gana da yawa, har wake da shinkafa irin namu na samu. Azumi ne ya gwada ni, na 2018 ya faɗo Mayu zuwa Yuni, rana ba ta faɗuwa sai kusan 10 saura na dare, ka sha ruwa ka yi tarawi ka ɗan kishingiɗa sai asuba. Abin da ya fi damuna shirun mutanen ne. Ka shiga jirgin ƙasa ka yi gaisuwa, a dube ka kamar ka zo bara. Ranar Lahadi kantuna a rufe, titi wayam. Ɗan Zango da ya saba da hayaniya tun daga mai koko da ƙosai na asuba, sai ka ji kamar kai kaɗai ka rage a duniya. Nuwamba da Disamba na fi jin jiki, duhu tun ƙarfe 4.

Abin da Hajiya Maman Hanif ta faɗa na buɗe baki, haka yake a Jamus, har ya fi. Shugabar wurin aikina ta tambaye ni ko zan iya raka naƙasassu mata bayan gida su ma. Raina bai so ba, na ce "ba matsala" irin tamu, ina jiran ta karanta fuskata. Ta rubuta sunana a jadawali. Sai da wani Baturke abokin aiki ya ce min je ka faɗa mata kai tsaye. Na faɗa, ta ce to, ta goge, ko a jikinta.

Amma ni namiji ne, kuma da gemuna na tafi. Shekara 16 daban ce, wannan Malam Abu Maryam ya fi ni gaskiya. Wani da muka je tare ya ƙi dawowa da bizarsa ta ƙare, yana can ba takarda, ko rasuwar mahaifiyarsa bai samu zuwa ba.

Maman Hanif ta rubuta:

Malam Abu Maryam, Allah ya ƙara ilimi, ban tsallake don raini ba, na bar wa masu shi ne. Ni ba zan ba da fatawa ba. Abin da ya faru a gidanmu kawai zan faɗa: mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya kai maganar wurin malaminsa, suka yi kwanaki suna juya ta, sannan ya sa hannu da sharuɗɗa. Ya ce sai ya ga mutanen gidan ya yi magana da su, aka haɗa su ta Skype, yayana yana fassara. Ya tambayi ko akwai samari a gidan, aka ce babu. Ya tambayi ko ɗakina yana da makulli. Wata ƙawata kuma nata mahaifin ya hana, ba ta je ba, yau likita ce. Ban ga wadda ta taɓe a cikinmu ba.

Coci kuwa, tun a horo aka gaya mana ba mai ikon tilasta maka. Sun gayyace ni, na je na ga bikin Kirsimeti sau ɗaya na zauna a baya, ban ƙara ba, ba su ƙara tambaya ba.

Yayan Ummi, ga abin da zan ce ka yi. Na lura a rubutunka kai ne kake magana, ƙanen Baba yana magana, Mama tana shiru, Ummi kuma ta daina cin abinci. Ƙin cin abinci ba magana ba ce. Ka ce mata ta je da kanta, ta durƙusa gaban Baba, cikin ladabi ta faɗa masa me ya sa take son tafiyar, me za ta yi in an sa mata alade a gaba, wa za ta kira in wani ya taɓa ta. Kada ka raka ta, kada ka shirya mata abin faɗa. In ta iya wannan da mahaifinta, wanda ta fi jin nauyinsa a duniya, za ta iya da kowane Bature. In ta kasa, to ko Baba ya yarda ni ba zan so a tura ta bana ba.

Yayan Ummi ya rubuta:

Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya bar zumunci. Ɗan Kantin Kwari, na bincika, takardar ta gaske ce. Malam, na karanta wa Mama naka, ta ce gaskiya ka faɗa, ranar Asabar za mu je wurin limamin da Baba yake ɗaukar karatu.

Anti Maman Hanif, na gaya wa Ummi. Ta yi kwana biyu tana kai-kawo a ƙofar turakarsa, jiya bayan isha'i ta shiga. Sun daɗe. Ban san me suka ce ba, ta fito ido jawur amma ta ci tuwo. Baba dai bai ce e ba. Da safe ya ce in nemo masa uban wata yarinya da ta taɓa zuwa, uban yake so ba yarinyar ba, su yi magana. In akwai wanda kika sani a cikin iyayen 'yan shekararku da zai yarda, don Allah ki yi min magana ta akwatin sirri.

Mama kuma ta ce in tambaya, kayan sanyi a nan ake saye ko a can?

Maman Hanif ta rubuta:

Na tura maka saƙo, ka duba. Ka gaishe min da Mama, ka ce kada ta wahalar da kanta a 'yan gwanjo, rigar sanyinmu ta hunturu ba ta yin komai a can. Suwaita ɗaya da safa sun isa na jirgi, don a Agusta zafi ake yi kamar Kano. Babbar rigar ƙanƙara da takalmin sai an je, ni ma ta 'yar masu gidan na gada. Hijabai dai ta ɗinka mata da yawa, masu kauri da marasa kauri, don su ne ba za ta samu a ƙauye ba.